Kufan Malam Alkasum

Malam Alkasum na unguwar Kara-Kara yana da 'ya ɗaya tilo, Zakiyya, likita a can kudancin Afirka, kuma rabonsa da ita tun haƙoransa na gaba suna cike. Ba rashin hutu ne ya hana ta zuwa ba. Duk shekara tana samun bakansi, sai dai ta kwashe shi ta kai wa duwatsu. Wata shekarar ta hau tsaunukan Lesoto, wata ta tafi Zimbabuwe kallon ganuwar dutse da masu ita suka watse tun kaka da kakanni. Daga nan ta turo hoto a waya, tana murmushi a gaban bango marar rufi.

Abin ya dame shi ƙwarai, don kewarta ta hana shi sakat. Dutse kuma, a Damagaram? Awaki ma sun gaji da hawansa, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar su hoto. Da ya zauna ya yi nazari, sai ya gano inda aka fi shi, wato ba shi da kufai. Tunda kango yarinya take so, kango za ta samu.

Ya ɗauki diga ya rushe katangar bayan gidansa, ya jera duwatsu a gurbinta ba laka, yadda ya gani a hoto. Matarsa Sakina ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce tarihi yake yi, ta matsar da tukwanenta.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne maƙwabta. A unguwar ba a ganin katangar dattijo a ƙasa a wuce, ba a kuma tambayarsa dalili, don kada a ba shi kunya. Washegari bayan sallar asuba sai ga Modu magini da rabin unguwa, an zo gayya. Wa ya isa ya kori gayya? Dole Malam ya sa Sakina ta dama fura, ya tsaya yana sa musu albarka kamar zai yi kuka. Kafin azahar katanga ta miƙe, har ta fi ta da.

Ya bari ta bushe, ya sake rushewa. Unguwa ta yanke hukunci cewa aikin aljanu ne, aka kira liman ya yi addu'a, aka maida katanga, wannan karon da siminti. Malam ya ja Modu gefe ya faɗa masa gaskiya, cewa a wata ƙasa mutane har jirgi suke shiga don su ga bangon da ya faɗi. Tausayi ya kama Modu.

"Su mutanen can ba su da maƙwabta ne?" in ji shi.

Da katanga ta gagara, Malam ya koma kan zaure, ya cire masa kusurwa guda. Aka gina sabo, aka yi masa zane, aka shafe da farar ƙasa. Ya fasa ɗakin kaji, aka mayar da shi ɗakin baƙi. Kafin damina ta faɗi, gidansa ya zama abin kwatance, har angwaye suna zuwa ɗaukar hoto a ƙofarsa, shi kuwa sai rama yake.

Wata Juma'a Zakiyya ta kira, muryarta cike da farin ciki. Ashe tun rushewar farko Sakina ta tura mata hoton katanga a ƙasa, yau kuma ta tura mata na sabon gida.

"Baba, wallahi hankalina ya tashi," in ji ta. "Har na nemi jirgi, na ce bana gida zan zo, ba zan bar ku a kango ba. Amma tunda an gyara, alhamdu lillahi. Akwai wani kufai da ban gani ba tukuna, zan turo maka hoto."

Malam ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ya ajiye waya, ya fita ya dafa katangar siminti, ya daɗe a tsaye. Modu, da ke wucewa, ya hango shi, ya ce kada ya damu, wannan ko jikokinsa ba za su ga faɗuwarta ba.