Azarar Rana a Ɗakin Inna Mahasin

Ina neman takalmina na lura faifan kuɓewar ya ƙara matsawa jikin bango.

Inna Mahasin, Bahaushiyar Sudan da nake zaune a wurinta a unguwar Hadayek el-Maadi ta Alƙahira, da hasken rana take sana'a. Takan yanka kuɓewa ta shanya, ta daka, matan Sudan su saya don miya. Ɗakinmu a ƙasa yake. Sai da hantsi haske ke ratsowa ta tsakanin benaye biyu, siriri, ita kuma ta yi ta bin sa da faifai har ya wuce.

A 2012 kowa gini yake yi a unguwar. Maƙwabcinmu ya fara ɗora sabon hawa, hasken ya shiga ƙanƙancewa.

Tarihin Turanci nake karantawa a jami'a lokacin. Wata safiya ta tambaye ni me nake ta ƙura wa ido a littafi. Na ce kalmar sunbeam ce, sunan hasken nan da ke kan faifanta. Asalin beam bishiya ce a tsaye, daga baya ta koma gungumen da ke riƙe rufi, kamar azara.

"Ashe su ma Turawan sun zauna a ɗaki mai duhu," in ji ta.

Da kuɓewar ta fara fumfuna, sai ta dafa gahawa da citta, ta yafa mayafinta na unguwa. Ta ce a garinsu ba a ɗaga katanga sai an sha gahawa da maƙwabci an ji ta bakinsa, wataƙila kunya ce ta hana mutumin zuwa. Na so in ce mata nan Alƙahira ce, na kasa. Na ɗauki tire na bi ta.

Muka same shi yana waya kusa da tulin yashi. Ta jira ya gama. Ta zuba masa, ta roƙe shi ya bar wa haske 'yar kafa, ko ta kamu ɗaya ce. Ya shanye, ya yaba gahawar ƙwarai.

"Ma'alish, yi haƙuri, Hajiya," ya ce. "Ki sayi fanka mana."

Ya juya yana yi wa leburori faɗa su hau da bulo.

Inna ta karɓi kofin, ta goge shi da gefen mayafi, ta ɗora a tiren da ke hannuna. Ta gyara takalminta, ta ratsa ta bayan motar siminti ta tafi.