Keken Sulaimanu

"Tura mana, Iliyasu, ko ƙarfin ya ƙare ne?"

Ni Sulaimanu yake faɗa wa haka da karkataccen bakinsa. Ni da nake ɗaga dilar auduga ni kaɗai a tashar jirgin ruwan Garwa, Faransawa suna tafa mini! Kwalara ta kwashe rabin layinmu, ko ciwon kai ban yi ba. Na tura.

Maƙwabcina ne, tare muka yi dako tun muna samari. Da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, 'yarsa Hadijatu ta samo masa tsohon keken guragu a wajen 'yan mishan. A kai yake cin abinci, a kai yake salla, wani lokacin kuma fitsari ya kufce masa. Matarsa Ummuhani ba ta yarda mijinta ya fuskanci alƙibla a kan najasa ba. Kullum sai mu sauke shi kan tabarma, ta goge keken da toka, ta kwarara masa ruwa har cikin ramukan ƙarfen. Da fenti ya fara tashi, ta sa aka shafa sabo, shuɗi. Ko keken ɗan sanda bai kai shi ƙyalli ba.

Ranar nan aka ce jirgin farko na damina ya iso daga Najeriya. Sulaimanu ya ce sai ya gani.

"Malam, gangaren nan fa," in ji Ummuhani.

"Haba, uwar Hadijatu," na ce. "A hannuna yake."

Muna gangarowa, kogin Binuwai cike a gabanmu, shi ya jingina hagu kamar kullum yana nuna mini hayaƙin jirgin, sai na ji ƙas. Ƙarfen ƙarƙashin mazaunin ya karye, tayar ta kwanta. Mariƙin yana hannuna gam, wallahi ban saki ba. Amma mutumin ba ya ciki. Hannun da zai tare ƙasa da shi matacce ne, kansa ya sami dutse. Bai kai la'asar ba.

Bayan sadakar uku na kai keken wajen Pierre mai walda. Ya ɗaga karyayyen ƙarfen ya girgiza, jan ruwa ya zubo da garin tsatsa.

"Baba, ruwa ya cinye shi ta ciki, fenti kawai ya rage. Wa yake jiƙa shi haka?"

"Damina ce," na ce. "Liƙe shi, kada kuma ka faɗa wa kowa."

Da na mayar, Ummuhani ta tambaye ni daga bayan zana.

"Me ya ce ya karya shi?"

"Ƙarfen Turawa ne, ba shi da ƙarko."

Ta ce, "To, madalla."

Tana cikin takaba har yanzu. Jiya da hantsi na leƙa, na ga keken jingine da bango, an wanke shi tas. Ruwa yana ɗiga daga ƙarƙashinsa, ja-ja, yana bin yashi zuwa bakin ƙofa.