Loma Ɗaya ta Jambari

"Ummi, kin manta sunana ne?"

Ina tsaye a bakin famfon kicin, hannuna cikin safar roba, ina ɓare jatan lande, wanda a nan Madina kowa ke ce wa jambari. Ita kuma tana bakin ƙofa, yatsun ƙafarta daidai kan layin tayil ɗin da na ce kada ta ƙetare.

Na ce, "Ke, wace irin magana ce wannan da safiyar Juma'a?"

"Kin ji ko? Ke. Kullum ke. Abla a makaranta tana cewa Suhaila, Abba yana cewa Suhaila, har mai kantin ƙasan bene ya san sunana. Mariama da ba ta da haƙori ko ɗaya kina kiran sunanta sau ɗari." Ta ɗaga yatsa irin na Abla, malamarsu. "Yalla, faɗi. Su-hai-la."

Na yi dariya na ce ta je ta duba min ko ƙanwarta ta farka.

Shekararta shida, kuma ita ce 'yar farina. A gidanmu a Katsina mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta tare masa faɗa a gaban manya. Yayana yana da furfura yanzu, amma har gobe "yaron nan" uwarmu ke ce masa. Da haka na zo Madina, lokacin da maigidana Malam Tahir ya samu gurbin karatu a jami'a, muka kama ɗan gida a unguwar Ƙuba. A nan kuwa abin a juye yake. Da sunan ɗan fari ake kiran uwa. Ranar da maƙwabciyata ta fara ƙwala min "Ummu Suhaila!" daga saman bene, sai da na ji kamar in shige ƙasa.

Maƙwabciyar nan Ummu Saif ake ce mata. Kakanninta daga Damagaram suka zo aikin hajji suka zauna, ita a nan aka haife ta. Hausarta rabi ce, bakinta kuwa cikakke. Takan ce min, "Wallahi ku 'yan Najeriya akwai abin mamaki. Ki ɗauki ciki wata tara, ki sha wuya, sannan ki riƙa yi kamar a hanya kika tsince ta."

Ita ce ta koya min wannan jambari mai sanyi da ake fara ba baƙi kafin shinkafa. Malam ya ci sau ɗaya a walimar gidansu, bai manta ba. Da mahaifiyarsa Hajiya ta zo umara karon farko, ya ce ranar Juma'a za mu tara ta da maƙwabta, kuma yana so ta ga abin da ba ta taɓa gani ba.

Na ce, "Malam, ka san yarinyar nan da jambari."

Ya sani. Tana da shekara uku muka je Yanbu bakin teku, ta lasa ɗan kaɗan, leɓenta ya kumbura, jikinta ya feso da ƙuraje. Likita ya ce jikinta ba ya karɓar shi sam, kuma karo na biyu yakan fi na farko muni. Ya rubuta mana wata allura mai kama da alƙalami, ya nuna min yadda ake soka ta a cinya. Tun daga ranar jambari bai ƙara shiga gidana ba.

Malam ya ce, "Ai ke ce. Ko ƙuda bai isa ya wuce ki ba. Sau ɗaya ne, don Hajiya."

Na yarda, amma da sharaɗi biyu. Za a kai yarinyar sama wurin 'ya'yan Ummu Saif har a kwashe kofuna. Kuma shi da bakinsa zai gaya wa Hajiya.

Mai karatu zai ce me ya hana ni gaya mata da kaina. Ranar Laraba na je da yarinyar gaishe ta a masaukinsu kusa da Harami, na zauna da ita awa biyu, maganar tana bakina. Ana cikin hira yarinyar ta yi tuntuɓe ta faɗi, ta kurje gwiwa. Zuciyata ta yi tsalle amma ban motsa ba, wata tsohuwa ce ta ɗaga ta. Hajiya ta dube ni ta yi murmushi, ta ce wa abokan tafiyarta, "Kun ga surukata? Shekara bakwai cikin Larabawa, amma ba su cinye mata kunya ba." Na ji daɗin yabon nan har cikin ƙashina. Bayan shi, ta yaya zan buɗe baki in fara lissafa wa Hajiya abin da 'yar farina ke ci da wanda ba ta ci?

Don haka na yi abin da na iya. Na ware wuƙa daban, katako daban, tukunya daban. Na cire kai da ɓawo, na bar ɗan wutsiyar don a samu wurin riƙewa. Na tsaga bayan kowane ɗaya na zare baƙin zaren nan. Na tafasa ruwa da gishiri da yankan lemon tsami, na zuba su minti biyu kacal, suna yin ja suna lanƙwashewa na kwashe su na tsunduma cikin ruwan ƙanƙara, don in aka bar su da zafinsu sai su yi tauri kamar roba. Na kaɗa mayonis da jan tumatir na kwalba da ruwan lemo da ɗan barkono. Na yanka latas siriri na shimfiɗa a gindin ƙananan kofunan gilashi, na zuba miyar, na rataya jambari huɗu-huɗu a bakin kowane kofi. Ɓawon kuwa na ƙulle shi cikin leda biyu, na sauka da kaina na jefa a babban kwandon shara na titi. Na dawo na wanke famfon sau uku.

Ta sake leƙowa daga kan layinta lokacin da nake jera kofunan a can saman firji.

"Kamar 'yan kunne," in ji ta. "Ummi, in na girma zan iya ci?"

"A'a."

"Ko ɗaya?"

"Ko ƙamshinsa. In wani ya ba ki, me za ki ce?"

"Mamnu'. Ummi ta hana." Ta ƙame kamar soja, sannan ta ruga sama.

Da Malam zai fita masallaci na tare shi a ƙofa. "Ka gaya mata?"

"A mota zan gaya mata in na ɗauko su."

Sun iso bayan an sauko Juma'a. Maza suka shiga falo, mata muka shimfiɗa ledar cin abinci a ɗakin ciki. Mu tara ne: Hajiya da abokan tafiyarta uku, sauran maƙwabta. Na so in ja Malam gefe in tambaye shi, amma yana tsakiyar baƙi, na ce a raina ai ya faɗa.

Da na ajiye kofunan Hajiya ta sunkuya ta ƙura musu ido.

"Wannan kuma fa? Fara ce ta ruwa?" Ta taɓa kofin ta janye hannu. "Da sanyi ma! 'Yar nan, gas ɗinku ne ya ƙare, ko kwantan jiya kika kawo mana?"

Aka kwashe da dariya. Ummu Saif ta ce, "Ya Hajja, ci ɗaya tukuna, in ba ki nemi ƙari ba ki canza min suna." Hajiya ta yi bisimilla, ta ɗauki ɗaya da yatsa biyu kamar zai cije ta, ta tauna a hankali. Sai ta jawo kofin gabanta sosai.

"To, kowa ya ji da nasa," ta ce.

Na koma kicin cikin farin ciki, ni da Ummu Saif, muna juye shinkafa a babban faranti. Ban ji lokacin da Hajiya ta ce ina ƙawarta take, wato jikarta, ta aiki wata ta sauko da ita ba.

Na fito ɗauke da farantin da hannu biyu, na tarar da ita a cinyar kakarta. Hajiya tana ja mata hanci tana cewa, "Mummuna, tun da na zo kike ɓuya, tsoron kyauna kike ji ko?" A ɗaya hannun tana riƙe da jambari ɗaya, ta dangwalo shi cikin miya.

"Jadda, mamnu'. Ummi ta hana."

"Uwarki ta hana? A gabana? Ni na haifi ubanki, ke. Buɗe baki."

Yarinyar ta juyo ta dube ni. Ba kuka take ba, ba tsoro. Jira take in ce wani abu.

Tsakanina da su bai fi taku biyar ba. Na sha auna shi daga baya. Na buɗe baki, muryar da ta fito ƙarama ce, irin wadda ake gaida suruka da ita.

"Hajiya, ai ita ba ta..."

"A'a! Yau kuma baki ya buɗe a kan 'yar fari?" Hajiya ta faɗa cikin raha, ta juya ga ƙawayenta. "Ashe yabon nan na yi gaggawa."

Suka yi dariya. Ni kuma na sunkuyar da kai. Wallahi ba shawara na yanke ba, wuyana ne ya yi abin da aka koya masa tun ina ƙarama. Numfashi biyu ne, ko uku. Da na ɗago, tana taunawa, idonta a kaina. Ta ga na yi shiru, ta ɗauka na yarda.

Ummu Saif ce ta fito bayana da kwanon miya, ta ga wutsiyar a hannun Hajiya, ta saki ihu da Larabci. Sannan ne farantin ya suɓuce min.

Na sa yatsa na ƙwaƙulo abin da ya rage a bakinta. Na ruga ɗaki na ɗauko allurar na soka mata a cinya ta saman riga, kamar yadda likita ya nuna. Ummu Saif tana waya tana kiran motar asibiti. Kafin Malam ya shigo leɓen ya cika, numfashinta yana fita da wani siririn sauti kamar ana busa cikin kara. Hajiya tana ta tambaya, "Mene ne? Me ya same ta? Ƙaya ce ta maƙale?" Na gane daga tambayar nan cewa babu abin da aka gaya mata a mota.

A cikin motar asibiti ne na kira ta. Ina riƙe da ƙafarta, don ma'aikatan sun rufe sauran jikin. Na ce Suhaila. Na ce Suhaila, Ummi ce, ga ni. Na faɗa da ƙarfi, na faɗa a rarrabe yadda ta koya min da safe. Ban sani ba ko ta ji. Wata ma'aikaciya ta ce min sau da yawa suna ji. Na riƙe wannan maganar har yau, ban taɓa tambayar wani likita ko gaskiya ce ba.

Kwana biyu ta yi cikin na'urori. Ranar Lahadi da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Aka yi mata salla a Harami bayan azahar, aka kai ta Baƙi'a. Mata ba sa shiga, don haka na tsaya a jikin katanga ina leƙe ta cikin ramukan ƙarfe, har bayan Malam ya ɓace min cikin fararen riguna. Masu ta'aziyya suna ta cewa ta yi sa'a, mutane nawa ke roƙon a binne su a wurin nan. Na san gaskiya suke faɗa. Na amsa da amin.

Hajiya ba ta ƙara cin abincin kirki ba har ta koma gida. Ranar da za su tafi ta kama hannuna biyu, ta ce, "'Yar nan, me ya sa ba ki buge hannuna ba? Da kin mare ni ma, wallahi da na gode miki." Ita ta yabi kunyata, ni na riƙe yabon, Malam ya manta a cikin cunkoson motoci. Babu wanda ya ƙi ta a cikinmu. Ni da Malam ba mu taɓa zama mun raba laifin ba. Wani lokaci yakan tsaya a bakin kicin, daidai kan layin tayil ɗin nan, ya daɗe, sannan ya juya.

Kofunan na ba Ummu Saif. Har yanzu Ummu Suhaila take kirana daga saman bene. Sau ɗaya ta tambaye ni ko in ta daina. Na ce kada ta kuskura.

Mariama ta fara tafiya yanzu. An gwada ta, ita ma jikinta ba ya karɓa. Duk wanda ya shigo gidana, malami ne ko tsohuwa, kafin ya zauna nake gaya masa, da bakina, ina kallon idonsa. Wasu suna cewa Madina ta lalata ni.

Ke da kike karanta wannan, in akwai abin da jikin ɗanki ba ya karɓa, kada ki dafa shi a gidanki don kowane baƙo, komai girmansa, komai iya tsaftarki. Kada ki aiki kowa ya faɗa a madadinki, ko da ubansa ne. In kuwa kika ga hannu ya nufi bakinsa da shi, ko hannun wa ye, ki jefar da abin da ke hannunki, ki ƙwala sunansa yadda duk unguwa za ta ji. Za a ce ba ki da kunya. Ki bari a ce.