Jakar da Ta Daina Cika

Shekara biyu ke nan da aka cire wa wani direban mota, wanda kowa ke kira Direba, mafitsara saboda ciwon daji. Likitoci suka yanko guntun hanjinsa suka ɗinka bututan ƙoda a jikin guntun, fitsari ya koma fita ta gefen ciki zuwa wata jakar roba. Matarsa mai ɗinki ce, kuma ta tsani jakar nan kamar me. Har riga ta ɗinka mata da ragowar yadi, don kada kowa ya gani, har da ita kanta.

To, da jakar ta fara jinkirin cika, sai gida ya ɗauki murna. Mutumin da ke juye ta sau shida a rana ya koma sau biyu.

"Maman yara, yau tun daga tasha har na dawo ban tsaya ba!"

"Sauƙi ke nan, alhamdu lillahi," in ji ta. Har dangi ta buga wa waya ta yi musu albishir. Da ranar komawa asibiti ta zo, ita da bakinta ta ce ya bari, tunda ba inda ke masa ciwo.

Sai da ƙafafunsa suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga, sannan suka je.

Likita ta daɗe tana kallon hoton cikinsa. "Tun yaushe fitsarin ya ragu?"

"Wata uku, likita. Ai sauƙi ya samu," in ji matar.

Likita ta ajiye biro. "Baiwar Allah, ba sauƙi ba ne. Inda muka ɗinka bututan ne ya tsuke, fitsari yana komawa baya. Ƙodar hagu ta riga ta mutu. Za mu yanke wurin da ya tsuke mu sake ɗinki, ko ma ceto ta dama."

Inna lillahi! Ashe mutuwar ƙodar mijinta ta yi ta yi wa mutane albishir! Direba kuwa hularsa kawai yake murzawa.

Awa biyar aka yi ana aikin. Da aka fito da shi, malamar jinya ta rataye sabuwar jaka a gefen gado, ta ce jakar ce za ta nuna ko ƙodar ta tashi.

Matar ta jawo kujera ta zauna daf da jakar, rigar da ta ɗinka tana dunƙule a hannunta. Shiru. Can sai ga ɗigo ɗaya ya gangaro, wani ya biyo shi.

"Baban yara," ta ce, hawaye na zuba, "tana cika. Wallahi tana cika!"