Kujerar Gaba

Sau huɗu ke nan motar tana mutuwa a hanyar asibiti, kuma duka huɗun maigidan ne ke tuƙi, Inna na zaune a gefensa. Malama ta ƙirga. Ita malamar lissafi ce, ba a yi mata wasa da ƙirge.

Inna mahaifiyarta ce. Wata biyar da suka wuce ta zame a banɗaki, gwiwarta ta dama ta fashe, aka yi aiki, ƙafar ta sandare ba ta lanƙwasuwa. Malama ta ɗauko ta ta dawo da ita gidanta, aka kwashe yara daga ɗakinsu aka ba ta. Likita ya ce gashin ƙafa duk Talata da Alhamis, in aka yi sakaci haka za ta zauna har ƙarshen rayuwa. A ranakun nan Malama tana aji tun safe. Maigidan kuwa shagon fenti gare shi, nasa na kansa, lokacin da ya ga dama yake buɗewa. Shi ya ce zai riƙa kai ta. Da bakinsa ya faɗa, ba wanda ya roƙe shi.

To ga abin da ya tsaya wa Malama a rai. Motar tsohuwa ce, ba musu, ta girmi ɗansu na fari nesa ba kusa ba. Amma ita tana shiga ta je makaranta ta dawo, ko tari motar ba ta yi. Maigidan ya yi tafiyar awa biyu da ita ya ɗauko kaya lafiya. Ranar da Malama ta kai Inna da kanta, ta kwantar da ita a kujerar baya, sumul suka je sumul suka dawo. Sai fa in shi ne da Inna.

"Sau biyu ina kai ta gareji," in ji shi. "An canja fulogi, an canja famfon mai. Bakanike ya ce bai ga komai ba."

Bakaniken kuwa abokinsa ne tun suna firamare. Malama ta ce a ranta, ai dole ba zai ga komai ba.

Ranar Asabar aka ce su koma ganin likita, ta bi su ta zauna a baya, idonta ƙyam a hannunsa. Suna hawa tudun rage gudu na gaban gidan mai, motar ta yi tsit. A daidai lokacin hannunsa na dama yana dawowa kan sitiyari. Daga makulli ya taso ko daga rediyo, ba za ta iya rantsuwa ba. Amma ta gani, kuma kwana uku abin yana cin ta.

Safiyar Talata ta fashe.

"Baban yara, in ka gaji da uwata ka buɗe baki ka faɗa. Ka daina kashe mota a titi kana shanya tsohuwa a rana!"

Ya ajiye makullin a kan tebur, ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri," ya fita. Sanyin nan nasa ya fi ba ta haushi, da ma ya yi musu. Ta buga waya makaranta ta nemi uzuri, ta kuma yanke hukunci ita kaɗai: in aka duba motar nan aka ce lafiyarta lau, to ita da uwarta sun bar gidan, ko ɗaki ɗaya ne ta kama musu.

Can ɗaya gefen gari ta nufa, wajen wani mai gyaran wutar mota da maigidan bai sani ba. Dogo ake ce masa, kuma wanda ya raɗa masa sunan bai yi ƙarya ba. Shagon cike yake da wayoyi a rataye kamar igiyar shanya, ga gwangwanin madara maƙil da fis, ga fanka marar murfi tana ta kuka. Ya jona na'urar gwaji ƙarƙashin sitiyari, ta ce ba komai. Ya duba kan batir, ya girgiza wayoyin inji ɗaya bayan ɗaya, ya bar motar tana aiki rabin awa. Ko gezau.

"Malama, motarki lafiyarta ƙalau."

Ta zo neman a ce tana da gaskiya, an ce tana da ita, sai ga shi kuka take so ta yi.

"Mutum zai iya kashe ta yana tuƙi, ba a gane ba?"

Dogo ya ɗago kai. "Wa ake zargi?"

"Ni dai tambaya na yi."

"To ni ma bari in yi tawa. In za ta mutu, wa ke ciki? Ina yake zama?"

Ta faɗa masa a taƙaice, tana tauna kowace kalma, don ba ta ga abin da ya haɗa mai gyara da sirrin gidanta ba.

"A gaba? Ƙafar a miƙe take?"

"A miƙe. Yana tura mata kujerar baya."

Dogo ya zagaya, ya tura kujerar, ya zauna, ya miƙe zangaleliyar ƙafar nan tasa, ya tokari gefen da ke ƙasan akwatin ajiye takardu. Inji ya ɗauke ɗif.

"Me ka taɓa?" Malama ta yi kansa. Ta san halin masu gyara, sai su ƙirƙiro ciwo su sayar maka da magani.

"Wallahi ƙafata kawai."

"Sake. Ɗora hannuwanka a ka."

Ya yi dariya har da tari, amma ya ɗora. Ta tayar da motar da kanta, ya tokara, ta mutu. Ta ce ya fito. Ta cire takalmi, ta zauna, ta danna da dunduniya. Ta mutu. Sai da ta yi sau uku, kamar mai duba amsar ɗalibin da ba ta yarda da shi ba.

Dogo ya ɗage shimfiɗar ƙasan, ya ɓalle murfin roba, ya zaro wani akwatin ƙarfe mai girman littafin aji.

"Ga ƙwaƙwalwar motar. Ita ke ba da umarnin mai da wuta. Masu ƙirar nan a nan suka ga damar ɓoye ta, sai ka ce ba su san mutane na da ƙafa ba."

Ya kwance kusoshi huɗu, ya miƙa mata gilashin ƙara girma. A gindin ƙarafunan da waya ke shiga, dalmar ta tsattsage, siriri kamar gashi.

"Shekaru ne suka cinye ta. In aka danna sai ta rabu, in aka saki ta haɗe. Tsohuwa in mota ta hau gargada dole ta tokare, ba ta da yadda za ta yi."

"To me ya sa na'urarka ba ta gani ba?"

"Ai ƙwaƙwalwar ce na'urar take tambaya. Ita ce kuma ke sumewa. Wanda ya suma me zai gaya miki?"

Ta ce a liƙe mana. Ya ce allon da ke cikin akwatin ma ya tsage, wata biyu za ta dawo tana zaginsa. Ya shiga ciki ya daɗe yana buruntu, ya fito da wata ƙwaƙwalwar ta hannu. Malama ta karɓe su duka biyu, ta gwada lambobin da ke jikinsu ɗaya bayan ɗaya, sai da ta ga sun yi daidai ta sakar masa. Ya cire kan batir, ya ɗaura sabuwar, ya lanƙwasa wani fallen ƙarfe ya kare ta da shi. Suka tayar. Ta tattaka wurin iya ƙarfinta, inji bai ko canja murya ba.

A hanya ta yi ta shirya kalaman ban haƙuri, ko ɗaya bai yi mata ba. Shekara goma sha shida da mutumin nan, ta zauna a bayansa tana gadin hannunsa kamar ɓarawo. Kunya ta ishe ta.

Tana shiga falo ta tsaya cak. Inna na bakin ƙofar ɗaki a tsaye, dogare da sanda, ta yafa mayafi. Jakarta a ɗaure tsakiyar falo, maigidan na zaune daram a kanta da rigar shago.

"Yawwa, gara da kika zo," in ji Inna. "Na ji abin da kika faɗa wa bawan Allahn nan da safe. Ba za a kashe aure a kaina ba. Kai ni gidan yayanki."

"Inna, na gaya miki," in ji maigidan, bai ko dubi matarsa ba, "in kin ga jakar nan ta fita, to da ni a kanta."

Malama ta ɗaga tsohon akwatin ƙarfen. "An gano matsalar. Baban yara, ashe duk lokacin da Inna ta zauna a..."

"Tsufa ne, ko?" Ya katse ta da sauri. Sai yanzu ya dube ta, ido cikin ido. "Motar ce ta tsufa. Ba haka ya ce ba?"

Nan ta gane. Shi ma ya ƙirga. Tun tuni ya lura motar ba ta mutuwa sai Inna na ciki, ya rasa dalili, ya haɗiye abinsa. Ya gwammace matarsa ta zarge shi da a ce tsohuwa ta ji ita ce.

"Tsufa ne," in ji Malama. "An canja."

Ta durƙusa a gabansa, hawaye ya ƙwace mata. Ya miƙe, ya zare makullin daga hannunta a hankali.

"Na roƙi mai gashin ƙafar ya jira mu zuwa ƙarfe biyu. Tashi ki riƙe mata sandar, ni zan ɗauke ta."