Waifar Motar Lukuman

Duk dangi sun gama yanke hukunci cewa gangancin Lukuman ne ya kashe mini 'ya. Ni Tabawa, yayarsa, ina jin su, ban taɓa gyara musu ba.

Ganganci kam yana da shi, wannan ba ƙarya aka yi masa ba. Tasi yake ja a cikin garin Jos, daga Kwararafa zuwa Katako, wata tsohuwar mota da sai an lallaɓa take tashi. Linus, mai sayar da kayan gyara a bakin layinmu, ya sha gaya masa sifirin ɗin da ke matse waifarsa ta gefen direba ya saki, ba ya danne robar a jikin gilashi. Sai Lukuman ya kama ƙarfen ya ɗan lanƙwasa da hannu, ya ce, "Oga Linus, a cikin gari wa yake gudu? Ai tana gogewa." Tana gogewa kuwa, in ana tafiyar hawainiya. In ruwa ya matsa, sai ya yanka ɗanyen dankali ya goga a gilashin kamar yadda direbobin nan suke yi, wai ruwa ya riƙa zamewa.

A watan Agusta na 2004 ya kai mu Barkin Ladi ɗibar dankalin turawa a gonar wata ƙawata, ni da Salma, 'yata mai shekara tara. Da azahar, tana jan buhu a bakin kunya, kumurci ya sare ta a idon sawu. Muka ruga ƙaramin asibitin garin, suka ce ba su da allurar dafi, mu wuce Jos, kada mu tsaya ko'ina.

Ko Heipang ba mu kai ba ruwa ya kece, irin na Filato mai haɗe da ƙanƙara. Ina baya, kan Salma a cinyata. Idanunta sun fara rufewa, miyau na zuba, numfashin sai ta yi kokawa take jawo shi. Lukuman ya goga dankalinsa, ruwan ya wanke shi cikin minti biyu. Ya manna fuska a gilashi yana tafiya a hankali, waifa tana ta ƙiiƙ-ƙiiƙ.

Na ce, "Lukuman, taka motar nan."

Ya ce, "Yaya, in na wuce sittin iska ɗaga ta take yi. Ba zan ga hanya ba."

Ban saurare shi ba. Wa yake sauraron direba 'yarsa na shaƙewa a hannunsa? Na ce masa abin da ban taɓa faɗa wa ɗan'uwa ba. Na ce da 'yarsa ce da tuni mun isa. Na ce shi dama ba ya da amfanin komai tun yana yaro, kuma in ta mutu a motar nan ba ni ba shi har abada.

Ya sa giya, ya taka.

Da idona na gani. Muna wuce Mararrabar Jama'a waifar ta ɗaga daga gilashin, tana ta kai da kawowa a iska, ba ta taɓa komai. Gaban motar ya koma fari fat, kamar an watsa kunu. Ya sauke gilashin gefe ya leƙa kai waje, ƙanƙara ta buge masa ido. Kwanar da ke gabanmu bai gan ta ba. Motar ta sulale, ta zauna da gefe cikin ramin ruwa.

Ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Amma motar ta kafe. Lukuman ya fita cikin ruwan ya tsaya a tsakiyar titi yana ɗaga hannu, motoci na kauce masa, don su ma ba gani suke ba. Mun fi minti arba'in kafin wani mai a-kori-kura ya tsaya ya ɗauke mu. A Daɗin Kowa, daidai wata mahaɗa, Salma ta daina kokawar. Na ci gaba da riƙe ta ban gaya wa kowa ba, har ƙofar asibiti.

Likitan da ya duba ta ya tambaye mu ƙarfe nawa abin ya faru. Da muka faɗa, ya girgiza kai, ya ce da mun iso da rabin awa da an yi wani abu. Ni ban yi boko ba, amma wannan lissafin na iya shi. A tafiyar sittin ɗin da Lukuman yake yi, da mun iso.

Ranar sadakar uku, kawunmu ya tsare shi gaban mutane, ya ce wane irin mahaukaci ne zai yi gudu cikin ruwa da waifar da ya san ta lalace. Ina zaune a bayan labule, ina ji. Na jira ya ce ni na sa shi.

Lukuman ya sunkuyar da kai ya ce, "Laifina ne, Kawu."

Shekara biyar ke nan. Duk Juma'a yana zuwa gaishe ni, ya durƙusa ya ce, "Yaya, ina wuni," ni kuma har yau ba na iya kallon idonsa.