Inji Yana Kan Hanya

Aikin Sa'adatu a wannan biro, wato ofis, na garin Gaya ba wani abu ba ne illa magana. Kamfanin yana ba manoma hayar injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, manoman kuma ba karatu suke yi ba, sai a aika musu da vokal, wato saƙon murya ta waya. Muryar ta Sa'adatu ce. Ƴar Tunuga ce, an san uwarta, an san kakarta, in ta ce abu sai a ɗauka ba a ko juya shi.

Shi kuwa mai gidanta a wurin aiki, Mushe Nasir, wato Malam Nasir da Faransanci, mutum ne da bai taɓa yin ƙarya ba a rayuwarsa, in dai shi za ka tambaya. Akwai wata takarda da ya manna a bango saitin teburinta. Ba a cewa "babu", sai dai "ana shiri". Ba a cewa inji ya lalace, "ana duba shi". Manoma ba masu haya ba ne, "iyalinmu" ne. Ni dai ban taɓa ganin iyalin da sai sun tsaya a bakin ƙofa sun jira izini ba, amma haka takardar ta ce.

Mako uku ke nan ƙungiyar matan Tunuga na jiran injinsu. Shugabarsu Gwaggo Ajuma ce, ƙanwar mahaifin Sa'adatu, wadda ta goya ta tana jaririya. Irin shinkafarsu ya isa dashe a wurin raino, fangalolin kuwa a bushe, ƙasa duk ta tsage. Jiya da yamma Mushe Nasir ya ce a aika musu: inji yana kan hanya, su shirya. Sa'adatu ta aika, har da ƴar dariyarta a ƙarshe don murna.

Yau da safe tana share teburi sai ga Yacuba direban kamfanin ya shigo neman ruwan sha.

"Yacuba, ba kai za ka kai inji Tunuga ba? Na gan ka a zaune."

Ya dube ta kamar ta yi waƙa. "Wane inji? Kayan da ko Kwatano ba su iso ba? Suna cikin jirgin ruwa. In an gan su nan da wata guda, a gode Allah."

Tsintsiyar ta faɗi daga hannunta. Ta zauna, ta miƙe, ta sake zama. Ta san abin da "ku shirya" ke nufi a bakin kogi. Iri ba a cire shi sai an tabbata ruwa zai shiga fangali washegari, domin in ya bar ƙasa kwana biyu ne ransa. Ta kira Gwaggo, ba rezo, layi ya ƙi shiga. Ta kira Fatuma ma'ajin ƙungiya, waya a kashe. Ta sake kiran Gwaggo sau huɗu a jere, kamar wayar za ta ji tausayinta.

Ta tura ƙofar Mushe Nasir ba ko sallama. Yana ƙarƙashin fanka yana shan shayi.

"Mushe, an ce inji yana cikin jirgi."

"To, jirgin a tsaye yake? Ba hanya yake bi ba?"

"Ka ce su shirya!"

"Shiri ai abu ne mai kyau, Sa'adatu. Na ce gobe? Na ce jibi? Saurari vokal ɗin da kyau, babu rana a ciki." Ya kurɓi shayinsa. "In muka ce wata guda, za su koma wajen masu injin gazuwal mai shan mai, mu rasa su. Ke dai ki kwantar musu da hankali. Ki ce muna tare da su."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne yadda ya faɗa a natse, fuskarsa wasai. Ta tsane shi a lokacin, ta kuma tsani ƴar dariyar nan da ta yi jiya. Ta ɗauki gyalenta ta fita.

Ta tsayar da ɗan kabu-kabu a bakin titi, ta hau bayan babur ɗinsa, sai Tunuga. Duk tsawon hanya tana taɓa kafaɗarsa. "Malam, ƙara wuta mana." Shi kuma yana cewa ramuka ba su san sauri ba. Ta riƙa lallashin kanta: wataƙila ba su ji saƙon ba, wataƙila rezo ya hana shi shiga, wataƙila Gwaggo ta ce a jira a ga inji da ido.

Tun daga nesa ta hango su. Mata kusan ashirin a sunkuye, wurin raino ya zama fili fetal. An ɗaure irin dami-dami, an jera a inuwar mangwaro, an lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna. Gwaggo Ajuma ta miƙe tana share zufa, ta taho da fara'a, idonta ba a kan Sa'adatu ba, a kan hanyar da ke bayanta.

"Ƴar nan, kin riga motar ne? Tun asuba muke nan. Tanko ya zo jiya da injinsa na gazuwal, na ce ya kai gaba, namu na tafe. Har ya wuce Bengu da shi."

"Ana shiri" ce ta fara zuwa kan harshen Sa'adatu, don sabo, ta haɗiye ta da ƙyar.

"Gwaggo, babu inji. Ba yau ba, ba gobe ba. Sai nan da wata guda, in ma ya zo."

Fara'ar ta sauka daga fuskar tsohuwar a hankali. Matan sun riga sun taso, sun kewaye su, hannuwa duk taɓo. Fatuma ta fara salati. Wata ta ce, "Amma ai ke kika faɗa da bakinki!"

Gwaggo Ajuma ta ɗaga hannu, aka yi tsit. Ta juya ta fuskanci matan, ta sa Sa'adatu a bayanta.

"Ku bar yarinya. Ni na saurari saƙon, ni na ce a cire iri. Kunnena ne ya tsufa, ban ji da kyau ba."

Wannan ya fi mari zafi. Hawaye suka zubo wa Sa'adatu.

"Kin ji daidai, Gwaggo. Haka na faɗa."

Tsohuwar ba ta waiwayo ba. Ta dubi damunnan irin, ta dubi kogi can ƙasa da gangare, ta auna da ido abin da hannun mata ashirin zai iya jiƙawa kafin rana ta faɗi. Fangali uku ne, cikin goma sha biyu.

"Na sani," in ji ta. "Tuɓe takalmin nan, ki ɗauki bokiti."